Faifan Kirsimeti da ya mayar da ni ƙofar fada

Ni ba Kirista ba ne. Sau biyu kacal na taɓa taka coci, duka biyun kuma rasuwar maƙwabta ce ta kai ni. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta rabi ya ce Alhaji ya sauya sheƙa. Tela ne ni a nan Garwa, shagona yana Yelwa. Amma gidanmu gidan busa ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, algaita ya busa a ƙofar fada har haƙoransa na gaba suka zube, kakana ma da ita ya ci abinci. Ni ne na ajiye gadon na hau keken ɗinki. Baki ya bari, kunne bai bari ba.

Akwai wani maƙwabcina da ke koyar da koral, wato ƙungiyar mawaƙa, a cocin Luteran, kowa Metir yake ce masa. Bara, ana saura wata guda Kirsimeti, ya kawo mini yadi in ɗinka wa mawaƙansa riguna iri ɗaya. Muna cikin ciniki idonsa ya kai kan hoton Baba da ke rataye bayan keke, kumatu cike da iska, algaita a baki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, gobe zan kawo maka wani abu. Ka kalla, ka gaya mini ko ƙarya nake." Washegari sai ga shi da faifan DVD. Aron kwana uku ya ba ni, na riƙe mako uku, har sai da ya turo yaro. Da na ga abin zai zama rashin kunya, na tura wa ɗan ƙanwata da ke karatu a Faransa hoton kwalin, ya nemo mini na hannu, ya ba wani mai zuwa Yawunde ya taho da shi. Ke nan a kan kayana nake magana, na kuma kalle shi ya fi a ƙirga.

Abin da ke ciki shi ne waƙar da masu Faransanci ke kira Oratorio de Noël, ta wani Bajamushe da aka rubuta sunansa Bach a jikin kwalin. Metir in zai faɗi sunan sai ya ƙarasa shi a maƙogwaro kamar mai kaki, ni dai Bak nake cewa. An haife shi a 1685, ya rasu a 1750, kuma shi ma ɗan gado ne, zuriyarsu kaf makaɗa ne. Ya tsara wannan aiki don cocin garin Laifzik, aka fara rera shi daga 25 ga Disamba 1734 zuwa 6 ga Janairu 1735, kashi shida, kowane kashi da ranarsa. Masu rerawa a faifan su ne Monteverdi Choir, ƙungiyar mawaƙa ta Ingila wadda jagoransu John Eliot Gardiner, ni Gadina nake ce masa, ya kafa a 1964, masu kiɗan kuma English Baroque Soloists, shi ne dai ya kafa su a 1978. An ɗauka a Disamba 1999 a wata tsohuwar coci a garin Waimar, inda Bak ya yi wa sarkin garin aiki daga 1708 zuwa 1717, inda kuma sarkin ya kulle shi kusan wata guda don ya nace sai an sallame shi. Duk wanda ya tashi a gidan makaɗan fada ya san irin wannan rigima, barin ubangida ba wasa ba ne. Daga wannan dare ne Gadina da mutanensa suka kama yawon shekara guda, a 2000, suna bin coci coci suna rera waƙoƙin ibadar Bak kusan 200, kowace a ranar da aka tsara ta domin ta.

To, abin da ya sa faifan ya bambanta shi ne kayan kiɗan. Ba na zamani ba ne. Irin waɗanda ake amfani da su a zamanin Bak ne, ko tsofaffin kansu ko waɗanda aka ƙera a kwaikwayonsu. Wannan ne Metir yake so in gani.

Na saka faifan bayan isha'i. Abu na farko da ya fito ba murya ba ce, ba goge ba ne. Tambura ne. Mutum ɗaya, tambari biyu masu kama da manyan tukwanen tagulla an rufe bakinsu da fata, ya sake musu bugu biyar shi kaɗai. Sanda mai tauri yake dukansu da ita, ba mai laushi ba, sautin kuwa a bushe, tsaf, ba ya jan jela. Sarewa suka amsa, sannan masu goge suka zubo daga sama kamar ruwan indararo, sai kakaki uku suka tashi. Wallahi tsigar jikina ta tashi, don abin da na ji shi ne safiyar sallah, lokacin da Lamiɗo zai fito a hau. Na ce wa Hajiya, wannan ai kiɗan sarauta ne, wa ya kai shi coci?

Ashe ban yi kuskure ba. Da na tambayi Metir sai ya kwashe da dariya, ya ce kunnen gado ba ya ƙarya. Bak ya fara tsara wannan kiɗan ne a 1733 don bikin ranar haihuwar matar sarkin ƙasarsu, Mariya Yosefa, kuma baitin farko na asali tamburan yake kira su yi ƙara, ya kira kakaki su yi amo. Shi ya sa tambari ke fara magana. Bayan shekara guda ya cire kalmomin yabon sarauniya ya sa na murnar haihuwar Annabi Isa, kiɗan ya bar shi yadda yake. Baba ma haka yake yi. Take ɗaya zai busa wa wannan basarake, in ya rasu aka naɗa wani sai a gyara kirari, busa tana nan. Ban ga abin kunya a ciki ba, sana'a ce.

Bari in tsaya kan kakakin, don nan na fi daɗewa ina mayar da faifan baya. Begilar da muke gani a hannun 'yan faretin 20 ga Mayu tana da maɓallai uku da ake dannawa. Wannan ba ta da su, sai bayan rasuwar Bak da sama da shekara 60 aka ƙirƙiro maɓallan. Bututu ne kawai na tagulla, tsawonsa ya haura mita biyu, an lanƙwasa shi don ya riƙu a hannu. In ka miƙe shi, kakakinmu ne. Duk sautin da zai fito daga leɓen mai busa yake fitowa. Namu masu kakaki a ƙasa suke tsayawa, sauti biyu ko uku, su yi ta kiran sunan sarki da su. Waɗannan kuwa can sama suke hawa, domin a irin wannan bututu sautukan ƙasa nesa suke da juna, sai an hau sama suke matsowa kusa har a iya jera waƙa da su. Hawan kuwa da wuya. Metir ya ce masu ƙera su a yau sukan huda 'yan ramuka a jiki don yatsa ya taimaka wajen daidaita sauti, na dā babu ko wannan. Ya kuma ba ni labarin babban mai kakakin Laifzik, Gotfirid Raishe, wanda ya busa wa sarki wani kiɗan Bak da dare cikin hayaƙin wutar da aka kunna don haske a Oktoba 1734, washegari ya yanke jiki ya faɗi a hanya ya rasu, yana da shekara 67. Wata biyu da 'yan kwanaki kafin wannan Kirsimetin ke nan. Na tuna yadda Baba ke dawowa daga hawa, idanu jajur, ya kwanta a tabarma ba ya iya ko amsa sannu.

A kashin farko akwai wurin da mai babbar murya yake waƙa shi da kakaki ɗaya, yana kiran jaririn babban ubangiji, sarki mai ƙarfi, ga shi kuma kwance a sakarkarin dabbobi. Kirari ne tsantsa, sanƙira da mai busa suna karɓa wa juna. Wannan ko kalma ɗaya ta Jamusanci ba ka ji, za ka gane ana wasa wani ne.

Amma kashi na biyu ne ya kama ni. Babu tambari a ciki, babu kakaki. Labarin makiyaya ne da dare a daji, kuma ya buɗe da kiɗa zalla ba murya. Masu goge da sarewa suna gefe ɗaya, wai su ne mala'iku, a ɗaya gefen kuma masu busa huɗu, su ne makiyaya. Abin da suke busawa Faransawa na ce masa obuwa, 'yar'uwar algaita ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ma da haki biyu a haɗe ake busa ta. Biyu miƙaƙƙu ne na katako. Sauran biyun su ne hoton da Metir ya gani a shagona: a lanƙwashe suke kamar ƙahon sa, an naɗe jikinsu da fata, bakinsu kuma na tagulla ne a buɗe. Fata a jiki, ƙarfe a baki, sai ka ce ta Baba ce aka tanƙwara. Sunanta obuwar farauta. Bayan zamanin Bak an daina busa ta kwata-kwata, har aka manta kamarta, sai a farkon shekarun 1970 aka sake ƙera ta daga tsofaffin da aka samu a gidajen tarihi.

Kama da wane ba ta wane, ba shakka. Mai algaita yana cusa hakin gaba ɗaya cikin baki, leɓe ya tokare da faifan ƙarfe, ya cika kumatu ya riƙa shaƙar iska ta hanci ba tare da busa ta yanke ba. Don fili aka yi ta, don ta keta hayaniyar dawaki. Su waɗannan da leɓe suke kama hakin, shi ya ba su damar sassautawa har sautin ya zama kamar raɗa. Amma akwai wata 'yar dishi-dishi a muryarta, wani ɗan hanci-hanci, wanda na sani tun ina goye. In huɗun suka haɗu suka riƙe sauti ɗaya a ƙasa, sai ka ji kamar garke yana numfashi. Na taɓa jin obuwa ta zamani a rediyo, santsi gare ta kamar yadin leshi. Wannan saƙi ce, ana jin zaren.

Gogen nasu ma haka. Tsirkiyar da hanjin tumaki ake yin ta, ba waya ba, bakan kuma izgar doki ce ana goga mata ƙaro kamar na masu gogenmu. Babban gogen ba shi da ƙafar da ake kafawa a ƙasa, tsakanin ƙwauri mai shi yake maƙale shi. Sarewar ta katako ce, ramuka ne a jikinta da maɓalli ɗaya tak. Duk kayan da aka yi da fata da hanji da itace yanayi yana wasa da su, mu da muka ga ana kanga kalangu a wuta da damina mun san wannan. Wani abin dariya: ran nan Metir ya ɗauko piyanonsa na lantarki zai bi su, ya danna, sai ga shi ya yi sama su suna ƙasa. Ya ce ya manta, ai su a kan 415 suke ɗaure kayansu, na zamani kuwa a kan 440, bambancin rabin mataki. Ni lissafin bai dame ni ba. Abin da kunnena ya ji shi ne komai ya ɗan sauko, ba tsawa, ba ƙara mai huda kunne.

Mawaƙan ba su da yawa, ba su kai talatin ba, maza da mata, murya huɗu. A zamanin Bak yara maza ne ke rera muryoyin sama, mata ba sa shiga ƙungiyar mawaƙan coci a Laifzik. Ƙarancinsu shi ne amfaninsu. Akwai wuraren da wannan layi zai ɗauki baiti, kafin ya kai tsakiya wancan ya shigo da shi, na uku ya biyo, na huɗu ya biyo, kowa yana gudu a hanyarsa, amma ba wanda ya taka wani. Da taro ne mai yawa da abin ya zama kasuwar Fitowa ranar Lahadi. Su kuwa kana jin kowane zare daban, sai a ƙarshe su haɗu a wuri ɗaya cak, kamar ɗinkin da ya zo daidai a kafaɗa. Metir yana ƙorafin wai Gadina yana kora su da sauri a wasu wurare. Ni ban yarda ba. Kiɗan fitowar sarki in ya yi sanyi ya lalace.

Tsakanin manyan waƙoƙin akwai gajeru masu sauƙi, waɗanda jama'ar coci suka sani tun dā, wasu ma na Martin Luta ne da kansa. A nan Metir ba ya iya yin shiru, sai ya bi su da gunguni. Cocinsu reshen wannan gidan ne, mishan na Luteran sun shigo arewacin ƙasar nan tun shekarun 1920, 'yan Norwe suka zauna a Ngaundere. Shi ya nuna mini cewa karin da aka rera a irin wannan waƙa ta farko shi ne aka rufe aikin gaba ɗaya da shi, a farko cikin sanyi, a ƙarshe da kakaki da tambura. Da bai faɗa ba da ban lura ba, da ya faɗa kuma na kasa daina ji.

Manyan muryoyi huɗu ne. Mai ba da labari, Kiristof Gens, yana yaro ya yi waƙa a ƙungiyar yaran cocin Tomas ta Laifzik, wato ita ce dai wadda Bak ya shugabanta daga 1723 har ya rasu. Akwai Kilaron Makfadin, baƙar fata 'yar Amurka, wadda Hajiya tana ganinta ta ajiye tsintar shinkafa ta ce, "Alhaji, ga tamu." A kashi na huɗu, na ranar suna da kaciya, tana waƙa wata murya daga nesa tana amsa mata da kalma ɗaya, obuwa ma tana amsa wa kanta, kamar mai kira a gindin dutse. A kashin nan ƙaho biyu ne suka karɓi wurin kakaki. Sai Barnada Fink, mai waƙar reno a kashi na biyu. Za ta kama sauti ɗaya ta riƙe shi, ta riƙe, kiɗa yana lilo a ƙarƙashinta. Jikata 'yar wata bakwai ta yi barci a kanta sau biyu, ko da yake yarinyar ko a kan ƙarar keken ɗinki tana barci, kada in cika baki.

Yanzu abin da bai yi mini ba. Na ɗaya, tsawo. Wajen awa biyu da rabi ne. Daren farko na ce sai na ga ƙarshensa, na farka na tarar da tele tana ta haske ita kaɗai. Kuskurena ne, mai shi ma kwana shida ya raba shi. Yanzu kashi ɗaya nake kallo a dare, bai kai rabin awa ba galibi. Na biyu, Bak yana da wata al'ada, sai waƙa ta kai inda kake zaton ta ƙare, sai a koma farko a sake. In waƙar ta yi maka, riba ce. In ba ta yi maka ba, sai haƙuri. Na uku, wuraren da mai labari yake karanto Linjila, rabi magana rabi waƙa, da ɗan kiɗa kaɗan a ƙasa, in ba ka san abin da ake faɗa ba za ka gaji. Metir ya ce daga Luka sura 2 da Matiyu sura 2 aka ɗauko, ya zauna ya fassara mini, daga nan abin ya yi sauƙi. Kashi na biyar har yau bai shige ni ba, ba kakaki, ba ƙaho, nakan tsallake shi in ba Metir na nan ba. Mai kyamara kuma ya fi son fuskokin mawaƙa da hannun Gadina, ni kuwa yatsun masu busa nake nema.

Ɗan'uwa Musulmi ya sani tun kafin ya saya, waƙar ibadar Kirista ce, kuma akwai kalmomi a ciki game da Annabi Isa, alaihis salam, waɗanda ba aƙidarmu ba ne. Mu yadda Suratu Maryam ta kawo labarin muka riƙe. Ni da Metir mun san inda muka rabu, ba ma ja. A matsayin ɗan mabusa nake saurare, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari, ba dole.

Sai maganar na'ura. Kada ka saurare shi da lasifikar tele, balle ta waya. Babban goge da 'yar organ da ke riƙe da gindin kiɗan ɓacewa suke gaba ɗaya, sai ka ji kamar sauro a kwano. Ni tsohuwar rediyon kaset ɗina mai lasifika biyu na jona, nan take tamburan suka dawo da cikinsu. Na'urar DVD kuma ta fara wuya a gari, tawa ƙurar hunturu ta toshe mata ido, mai gyara ya karɓi jaka biyu ya goge. Wani yaro mai tura waƙoƙi a kasuwa ya ce zai juye mini a katin waya, na ba shi, ya matse shi har obuwa ta koma kamar usur. Kuɗina sun tafi a banza. In wuta ta ɗauke a tsakiya kuwa, sai ka lalubo inda ka tsaya da kanka.

Makon jiya ɗan baffana ya zo daga Rai Buba, shi ne wanda ya riƙe algaitar gidanmu har yau. Bayan mun ci tuwo na saka masa kashi na biyu ban ce masa komai ba. Ya zauna ya harɗe, bai motsa ba har aka gama kiɗan makiyaya. Na ce, "Yaya, me ka gani?" Ya ce, "Busa da daɗi. Amma wannan ba za ta tayar da doki ba." Can kuma ya ce in mayar baya, in tsayar daidai inda mai lanƙwasasshiyar ya cire ta daga baki. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin tele, yana so ya ga da wane irin zare suka ɗaure hakin.